ƘUSA A GADON BAYAN MANOMI: WA YA GWADA ƘARFINTA?



Abin da muka zo da shi gabanku yau ƙarami ne a ido, domin tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba. Ƙusa ce mai barima, watau irin wadda ake murɗawa da sukundireba maimakon a buga ta da guduma, wadda likitocin ƙashi ke ɗaurawa a gadon bayan mutum idan ya karye ko ciwo ya cinye shi. Muna so mu duba yadda ake gwada ƙarfin riƙonta kafin a sa ta a jikin ɗan Adam, sa'an nan mu tambayi kanmu ko wannan gwaji ya san da zaman manomin ƙasar Kano, wanda da bayansa yake neman abin da iyalinsa za su ci.

BAYAN DA YAKE CIYAR DA MU

Wanda duk ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Bici da Tsanyawa, ko ta Daura ta Ɗambatta, ko ya ratsa ƙauyukan Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa, ya san ƙasa ce wadda gona ke haɗe da gona, ba a barin saura ta huta. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya bayyana wannan yanki a rubuce tun 1965, ya nuna yadda jama'a masu yawa ke noma fili ɗaya kowace shekara ta hanyar zuba taki da kula da itatuwan gona. To, wannan aiki duka gadon baya ne ke ɗauke da shi. Shi ke sunkuyawa a kan fartanya lokacin noman firi da maimai, shi ke jan garma lokacin huɗa, shi ke cicciɓar mangalar taki a ɗora wa jaki, shi ke ɗauko damin gero daga gona zuwa rumbu.

Hanyoyin da wannan baya ke karyewa kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai faɗowa daga ɗorawa ko mangwaro ko kuka, akwai ruftawar rijiya ko ramin haƙar ƙasa, akwai haɗarin babur da na mota a kan waɗancan hanyoyi da muka ambata. Bayan waɗannan akwai ɓarawon da ba ya ƙara, watau tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke cin gaɓoɓi sannu a hankali har su rufta, mutum ya yi doro, wani lokaci ƙafafu su shanye. Maɗori na gargajiya yana da karan da zai ɗaure hannu ko ƙafa, amma babu karan ɗorin da zai riƙe gadon baya daga waje. Saboda haka ne irin waɗannan majinyata ke ƙarewa a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe a 1959, ko a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. A can ne za a iya ce wa iyalin mutum sai an sa masa ƙarfe, a kuma faɗa musu kuɗin da sau da yawa ba ya samuwa sai an sayar da sa ko an jinginar da gona.

INDA ƘUSAR KE SHIGA

Gadon baya jerin gaɓoɓi ne: 7 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, sai na ƙasa waɗanda suka manne da juna. Kusan kowace gaɓa tana da ganga a gaba wadda ke ɗaukar nauyi, da wani baka a baya wanda ya kewaye lakar da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu. Abin da ya haɗa gangar da bakan 'yan gadoji ne guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, waɗanda za mu kira wuyan gaɓa. Wannan wuya siriri ne, amma ɓawonsa yana da tauri ƙwarai. Ta cikinsa likita ke zura ƙusa daga baya har ta shiga cikin ganga. Idan an sa ƙusoshi a gaɓoɓin sama da na ƙasa da inda ya karye, sai a haɗa kawunansu da sandunan ƙarfe guda biyu, su zama kamar tsani. Kaurin ƙusa yakan kama daga wajen milimita 4.5 zuwa 7.5, tsawonta kuma daga wajen milimita 35 zuwa 55. A da da baƙin ƙarfe marar tsatsa ake yinta, yanzu kuwa galibi da gamin titaniyam.

Wannan dabara tana da tarihi. A 1911 likitoci biyu a Amurka, Hibbs da Albee, kowanne ya bayyana hanyar sa gaɓoɓin baya su manne da juna, kuma masu tarin fuka na ƙashin baya ne aka fi yi wa aikin a farko. A 1962 Paul Harrington ya wallafa bayanin sandarsa mai ƙugiyoyi. Likitan Faransa Raymond Roy-Camille ne ya fara bin ta wuyan gaɓa da ƙusa haɗe da farantin ƙarfe a 1963, ya bayyana aikin a 1970. A 1984 kuma tsarin Cotrel da Dubousset ya fito a Faransa, daga nan ƙusa da sanda suka yaɗu a duniya.

Akwai abu ɗaya da muke roƙon kowa ya riƙe kafin mu ci gaba. Ƙusa ba ta warkar da ƙashi. Aikinta shi ne ta riƙe gaɓoɓi cik har ƙashin ya haɗe da kansa, abin da kan ɗauki wata shida zuwa shekara guda. Saboda haka tsere ake yi tsakanin haɗewar ƙashi da gazawar ƙarfe. In ƙashi ya riga, an yi nasara. In ƙarfe ya riga sakin jiki, an koma gidan jiya, ga kuma kuɗi sun tafi.

GWAJI NA FARKO: A FIZGE TA

Ƙungiyar tsara ma'aunai ta Amurka da ake kira ASTM tana da ƙa'ida mai lamba F543 domin ƙusoshin ƙashi. A ƙarƙashinta ana auna ƙarfin da ake bukata a murɗa ƙusa ta shiga, da irin murɗar da za ta sa ta tsinke, da kuma ƙarfin da zai zaro ta. A wannan na ƙarshe, ana ɗaura ƙusar a cikin wani dunƙulen soso na roba mai tauri wanda aka yi shi ya kwaikwayi ƙashi, sai inji ya kama kanta ya ja ta a miƙe, milimita 5 a minti ɗaya, har ta fito. Ana rubuta ƙarfin da ma'aunin niyuton, kuma niyuton 10 ya yi kusan daidai da nauyin kilo ɗaya. Amfanin soson shi ne kowane dunƙule daidai yake da ɗan'uwansa, don haka za a iya kwatanta ƙusar wannan kamfani da ta wancan ba tare da gardama ba. Masu bincike kuma sukan maimaita gwajin a kan ƙashin gawa da na dabbobi.

Me wannan gwaji ya koya mana? Na farko, ƙusa mai kauri wadda ta cika wuyan gaɓa ta fi riƙo, muddin ba ta fasa shi ba. Wani bincike da Hirano da abokan aikinsa na Japan suka wallafa a 1997 ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na ƙarfin riƙon ƙusa daga wannan ɗan wuya yake zuwa, saura ne ke zuwa daga ganga. Na biyu, idan hanyar da aka fara yanka wa barima ta ɗan fi ƙusar ƙanƙanta da milimita ɗaya, riƙon yakan ƙaru. Na uku, ƙusar da aka ɗaura aka kwance aka sake ɗaurawa a rami ɗaya ta rage ƙarfi, kamar yadda kowane kafinta ya sani game da ƙyauren da aka sha cire wa ƙusa. Na huɗu, hanyar da ƙusa ta bi tana da tasiri: a 2009 Santoni da abokansa suka bayyana wata sabuwar hanya wadda ke bin ɓawon ƙashi mai tauri, suka sami ƙarin riƙo na wajen kashi 30 cikin 100 a gwajin fizga.

Amma babban darasi shi ne, ƙashin da ƙusa ta shiga ya fi siffar ƙusar muhimmanci. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1994 ya sami cewa a ƙashi mai ƙwari sai an ja da fiye da niyuton 1,500 kafin ƙusa ta fito, watau nauyin buhun hatsi ɗaya da rabi, alhali a ƙashin da ya zaizaye wajen niyuton 200 ya isa, watau nauyin jarkar ruwa mai lita 20. Ƙusa iri ɗaya ce, ƙasar da aka kafa ta ce ta bambanta. Domin irin wannan ƙashi mai rauni ne aka ƙera ƙusa mai rami a tsakiya da ƙofofi a gefe, wadda ake tura sumuntin ƙashi ta cikinta. Sumuntin yana ƙara riƙo sosai, sai dai yana iya tsiyaya zuwa inda ba a so, kuma yana sa cire ƙusar ya yi wuya in bukata ta taso.

AKUYA BA TA CIRE TURKE TA SAMA

Yanzu mu koma gida mu dubi turken akuya. Duk wanda ya yi kiwo ya san akuya ba ta taɓa zare turke a miƙe zuwa sama. Ja take yi gabas, ta ja yamma, ta kewaya, yau da gobe, har bakin ramin ya buɗe, turke ya fara rawa, wata rana a wayi gari tana cikin gonar maƙwabci. Haka kuma turken da aka kafa a jigawa ya fi saurin rawa bisa ga wanda aka kafa a ƙasa mai danƙo.

Haka lamarin yake a jikin mutum. Babu abin da ke jan ƙusa a miƙe daga baya kamar yadda injin gwaji ke yi. Abin da ke faruwa shi ne duk takun da mutum ya yi, duk sunkuyawa da miƙewa, kan ƙusar yana ɗan yin sama da ƙasa, tsininta yana niƙa ƙashin da ke kewaye da shi. Idan an ɗauki hoton ƙashi bayan watanni, sai a ga wani duhu ya kewaye ƙusar, alamar ramin ya buɗe ke nan. Saboda wannan ne masu bincike suka ƙara gwajin girgiza, inda ake danna kan ƙusa sama da ƙasa sau dubbai kafin a auna abin da ya rage na riƙonta. Ƙusar da ta yi fice a gwajin fizga ba lalle ne ta yi fice a gwajin girgiza ba. Don haka idan ɗan kasuwa ya nuna mana takarda mai babbar lamba ta gwajin fizga kaɗai, rabin labari ya ba mu.

GAJIYAR ƘARFE

Sauran rabin kuwa shi ne ƙarfen kansa. Yaro mai ƙera motar langa-langa ya san in yana son tsinke waya ba ya jan ta, lanƙwasa ta yake yi gaba da baya har ta yi zafi ta rabu. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Domin auna ta ne aka kafa ƙa'idar ASTM mai lamba F1717. Ana ɗaura ƙusoshi a dunƙulen roba guda biyu, a haɗa su da sanduna, a bar tsakaninsu fayau kamar an cire gaɓa ɗaya gaba ɗaya, domin nauyin duka ya hau kan ƙarfe. Sai inji ya yi ta dannawa yana saki. Ana neman nauyin da tsarin zai jure har sau miliyan 5 bai karye ba. In injin yana danna sau 5 a daƙiƙa, gwajin samfuri ɗaya zai ci kusan kwana 12, dare da rana.

A nan ne wayon ƙira yake. Ƙusa tana da kauri biyu: na waje, har da barima, da na ciki, watau jikin sandar. Idan an zurfafa barima, ƙusa ta fi cizon ƙashi, amma jikinta ya sirance. Ƙarfin jure lanƙwasa kuwa yana bin kaurin ciki ne in an ninka shi cikin kansa sau uku. Alal misali, jiki mai milimita 4 yana ba da 64, mai milimita 5 yana ba da 125, watau ƙarin milimita ɗaya tak ya kusa ninka ƙarfin. Saboda haka mai ƙira yana tsakanin bukatu biyu masu jan juna, kuma shi ya sa ake yin ƙusa mai kauri a wuya, inda ta fi karyewa, mai zurfin barima a wajen tsini, inda ƙashi ya fi laushi.

WANE BAYA AKA YI WA GWAJIN?

To, jama'a, ga inda maganar ta shafe mu. Majinyatanmu na ƙauye kashi biyu ne a wannan fuska. Akwai saurayi majiyi ƙarfi da ya faɗo daga itace. Ƙashinsa yana da ƙwari, ƙusa za ta kama da kyau, amma haɗarinsa shi ne ya koma gona kafin ƙashi ya haɗe, ƙarfe ya gaji ya karye. A 1999 Wilke da abokansa a Jamus suka sa ma'auni a cikin faifan guringuntsin ƙugun wani mutum mai lafiya, suka ga cewa ɗaga kilo 20 a sunkuye yana matsa faifan fiye da ninki huɗu na tsayuwa kawai. Mu auna wannan da wuni guda na huɗa. Akwai kuma tsohuwa wadda ƙashinta ya zaizaye, ko mai tarin fuka wanda ya daɗe a kwance. Su ƙarfe ba zai karye musu da wuri ba, turken ne zai yi rawa. Ƙusar da ta dace da wancan ba ita ce ta dace da waɗannan ba, kuma gwajin da zai faɗi gaskiya a kan ɗaya ba shi ne zai faɗa a kan ɗayan ba.

Daɗin daɗawa, faɗin wuyan gaɓa yana bambanta daga mutum zuwa mutum da kuma daga al'umma zuwa al'umma, haka ma ƙwarin ƙashi yana bin abinci. Binciken da aka yi a Jos aka wallafa a 1999 ya nuna cewa ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne ke gwame ƙafafun yara da yawa a can, duk da yalwar rana. Wannan ya isa ya nuna mana cewa ƙashinmu yana bukatar awonmu. Kada kuma wani ya ce ilmin ƙashin baya sai daga waje yake zuwa. A Ibadan ne Konstam da Blesovsky suka nuna a 1962 cewa masu tarin fuka na ƙashin baya da yawa suna warkewa da magani suna tafiya da ƙafafunsu, ba tare da doguwar kwanciya ba. Har yau magani ne ginshiƙin jinyar wannan ciwo, ƙusa kuwa sai inda baya ya kasa tsayuwa ko laka ta shiga matsi. Kuma wajibi ne a faɗa wa iyali gaskiya tun da wuri: ƙusa tana tsayar da ƙashi, amma ba ta ɗinke lakar da ta riga ta tsinke.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Muna da shawarwari guda biyar, kuma babu wadda ta fi ƙarfin mutanen da ke zaune a wannan ɗaki.

Ta farko ta ma'aikata ce, musamman waɗanda takardun sayen kayan asibiti za su bi ta teburinsu. Kafin ku sa hannu, ku nemi rajistar hukumar NAFDAC, wadda kayan aikin likita ke ƙarƙashin kulawarta. Ku nemi rahoton gwajin F543 da na F1717, da sunan ɗakin gwajin da ya yi su, da irin ƙarfen, da lambar rukunin da aka ƙera kayan a ciki. Kada a haɗa ƙusar wani kamfani da sandar wani, kada a gama baƙin ƙarfe da titaniyam a jiki ɗaya, kada a sake amfani da ƙusar da aka ciro daga jikin wani. Muna son kaya masu sauƙin kuɗi, domin talaka ne zai biya, amma Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma aikin da aka yi sau biyu ya fi kowane tsada.

Ta biyu ta ɗaliban injiniya ce. Injin da kuke jan ƙarfe da shi a ɗakin gwaji domin ku ga inda zai tsinke, shi ne dai irin wanda ake gwajin fizga da shi. Ƙashin bayan maraƙi da na tumaki sanannun abubuwan gwaji ne a duniya, ga su kuwa a mayanka kowace safiya. Maimakon aikin kammala karatu da za a kwafo a ajiye ƙura ta rufe, me zai hana ɗalibin Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta kimiyya da fasaha da ke Wudil ya haɗa kai da likitan ƙashi, su gwada ƙusoshin da ake sayarwa a kasuwarmu, su buga sakamakon kowa ya gani?

Ta uku ta ɗaliban likitanci da ma'aikatan lafiya ce. A buɗe littafi na duk wanda aka sa wa ƙusa: irin ƙusar, sana'arsa, ranar da ya koma aiki, da abin da hoton ƙashi ya nuna bayan wata shida da bayan shekara. Ƙusar da ta karye aka ciro kada a jefar da ita, a kai wa injiniya ya duba bakin karayar, domin ƙarfe yana barin shaidar yadda ya gaji.

Ta huɗu ta dukanmu ce, 'ya'yan waɗannan ƙauyuka. Cewa manomi ya huta wata shida magana ce mai sauƙi a ɗakin likita, amma in damina ta faɗi, wa zai hana shi fita alhali ciyawa na cinye masa gero? Kakanninmu sun bar mana maganin wannan, watau aikin gayya. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwanmu su ɗauki wannan a matsayin aikinsu: duk wanda aka yi wa aikin baya, a nome masa gonarsa ta wannan shekara. Gayyar kwana biyu tana iya ceton abin da aka sayar da sa aka saya.

Ta biyar ita ce mu koya wa mutanenmu yadda ake ɗaukar wanda ya faɗo. A kwantar da shi a miƙe a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a tallafe kansa da wuyansa, mutum uku ko huɗu su ɗaga shi tare. Kada a zaunar da shi a kan babur, kada a naɗe shi a kujerar mota, kada a ja shi da sunan gyara. Sau da yawa lakar da faɗuwa ta bari, ɗaukar ganganci ce ke ƙarasa ta, kuma daga nan babu ƙusar da za ta mayar da ita.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, ilmin da muke nema a nan da kuɗin jama'a ake biyansa, kuma cikin jama'ar akwai mutumin da ke sunkuye a gona tsakanin Makoɗa da Kunci a wannan sa'a. Ran da tsautsayi ya kai shi teburin tiyata, ba zai iya karanta takardar da ke cikin kwalin ƙusa ba, ba zai kuma san ko an gwada ta ko ba a gwada ba. Amanarsa tana hannun wanda ya sa hannu aka sayo, da wanda ya iya gwadawa, da wanda ya ɗaura. Waɗannan kuwa mu ne, ko yau ko gobe. Muna fata kafin shekara ta zagayo a sami ɗalibi daga cikinku da zai tsaya a wannan wuri ya karanta mana alƙaluman gwajin da ya yi da hannunsa.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu da tsautsayi.